Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ma'aikatan awon ciki: a daina rubuta nauyin mai ciki ba tare da bayani ba

Zuwa ga ungozomomi, malaman jinya, likitoci da shugabannin sassan awon ciki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin aiki lafiya, mun rubuto muku ne a kan wani abu da ake yi kullum a ɗakin awo har ya zama kamar ba ya buƙatar tunani, wato ɗora mai ciki a kan sikeli.

Ta miƙa kati, ta hau, a karanta lamba, a rubuta, ta sauka ta wuce wajen gwajin hawan jini. Haka za a yi ta yi har katin ya cika. Amma in aka tare ta a bakin ƙofa aka tambaye ta kilo nawa ya kamata ta ƙara kafin ta haihu, sai ta yi shiru, domin babu wanda ya taɓa faɗa mata. In ma an yi mata magana, ba ta wuce ɗayan biyu: "Ki riƙa ci sosai, ku biyu ne," ko kuma "Ki rage ci, kin yi nauyi." Duka biyun suna iya cutarwa in suka faɗa kan wadda ba ta dace da su ba. Roƙonmu shi ne kowace mai ciki ta bar awonta na farko da sanin iyakar kilon da ake sa ran za ta ƙara, kuma duk lokacin da lambar ta kauce wa wannan iyaka, a nemi dalili kafin a ba da shawara.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2017 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani nazari da ya tattara bayanan ciki sama da miliyan 1.3. Kashi 47 cikin ɗari na matan sun ƙara fiye da abin da aka shawarta, kashi 23 kuma ba su kai ba. Ke nan bakwai cikin goma suna wajen iyaka. Waɗanda ba su kai ba sun fi haifar jarirai ƙanana da bakwaini. Waɗanda suka zarce sun fi haifar manyan jarirai, kuma an fi yi musu tiyata.

Tun ran gini ran zane. Duk lissafin ya rataya ne a kan abu biyu da ake ɗauka a zuwan farko: nauyi da tsayi. Nauyi kowa na aunawa. Tsayi ne ake tsallakewa, ko a tambayi mace ta faɗa da baki, ko a dube ta a ƙiyasta. Ba tare da tsayi ba kuwa ba a iya fitar da ma'aunin jiki, wanda ma'aikata suka sani da BMI, kuma shi ne ke nuna rukunin da mace take. A auna tsayin ba takalmi, duga-dugai da baya a manne da bango, kai a miƙe. Sai a ninka tsayin a mita da kansa, a raba nauyin da abin da aka samu. Mace mai tsayin mita 1.60 da nauyin kilo 58: 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, a raba 58 da 2.56 a sami 22.7. Wata mai wannan tsayin amma kilo 82 za ta fito da 32. Ciki ɗaya suke ɗauke da shi, watansu ɗaya, amma abin da ake so kowace ta ƙara ya sha bamban.

Alƙaluman da aka fi aiki da su a duniya su ne waɗanda Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, bayan ta sabunta rahotonta na 1990, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambato su a jagorar awon ciki ta 2016. Wadda ma'auninta bai kai 18.5 ba kafin ciki, wato ramammiya, ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18. Wadda ke tsakanin 18.5 da 24.9, wato mai matsakaicin jiki, ta ƙara 11.5 zuwa 16. Daga 25 zuwa 29.9, wato mai nauyi, kilo 7 zuwa 11.5. Wadda ta kai 30 ko ta wuce, wato mai ƙiba, kilo 5 zuwa 9. Mai ɗauke da tagwaye lissafinta daban: 17 zuwa 25 in jikinta matsakaici ne, 14 zuwa 23 in tana rukuni na uku, 11 zuwa 19 in tana na huɗu. Saboda haka matar can mai kilo 58 za a rubuta mata cewa ana sa ran ta kai tsakanin 69.5 da 74 a ƙarshen ciki, mai kilo 82 kuma tsakanin 87 da 91. Wannan rubutun bai ɗaukar minti ɗaya, kuma shi ne ke ba sauran lambobin katin ma'ana.

Waɗannan alƙaluma ba wahayi ba ne. Don matan Amurka aka tsara su, kuma sun zuba duk masu ƙiba a rukuni guda, mai ma'auni 31 da mai 45. Sai dai wani bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a 2016, wanda ya bi mata masu lafiya da matsakaicin jiki a ƙasashe takwas, ciki har da Kenya da Indiya da Brazil, ya sami matsakaicin ƙarin kilo 13.7 a mako na 40, wanda ya faɗa tsakiyar iyakar da aka tsara. A ganinmu wannan ya isa a yi aiki da su a matsayin jagora, ba tare da an mai da su bulala ba.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne wajen macen da ta fara awo a makare. Ma'aunin jiki na nauyin kafin ciki ne, ko na wata ukun farko. Ɗauki mace mai tsayin mita 1.60 da ta zo a mako na 24 da kilo 66. In aka lissafa da 66 za a sami 25.8, a jefa ta rukunin masu nauyi, a ce kada ta wuce ƙarin 11.5. Alhali zuwa wannan mako mai matsakaicin jiki ta riga ta ƙara wajen kilo 6, don haka nauyinta na asali kusan 60 ne, ma'auninta 23.4. An rage mata abinci a kan lissafin da bai inganta ba. Mafita ita ce a fara tambayarta ko ta san nauyinta kafin ciki, a duba tsohon kati in akwai, in babu a cire abin da ake tsammanin ta ƙara, a rubuta a fili cewa ƙiyasi ne. Awon zagayen dantse yana taimakawa a nan, domin ciki bai cika canza shi ba, kuma shirye-shiryen abinci da yawa suna ɗaukar ƙasa da santimita 23 a matsayin alamar rashin isasshen abinci. Daga nan sai a bar maganar jimilla a koma kan yawan abin da take ƙarawa duk mako.

Ƙarin ba ya tafiya daidai da wata tun daga farko. A wata ukun farko ana sa ran rabin kilo zuwa kilo 2 kawai, kuma mai laulayi tana iya tsayawa cak ko ta ɗan ragu. Daga mako na 14 ne abin ke miƙewa: ramammiya wajen giram 500 a mako, mai matsakaicin jiki wajen giram 400, mai nauyi wajen giram 280, mai ƙiba wajen giram 220. In aka mai da shi wata, ta biyun za ta ƙara kusan kilo 1.7, ta ƙarshen kuma ƙasa da kilo ɗaya. To a lura da wannan: takalmi, tufa mai nauyi, abincin da aka ci yanzu da mafitsara a cike suna iya kawo bambancin kilo guda. Sikeli biyu a ɗaki ɗaya ma suna iya saɓa wa juna. Wato kuskuren awo shi kaɗai na iya cinye ƙarin wata guda na mai ƙiba. Shi ya sa ya kamata a riƙa auna mace da sikeli ɗaya, a kan daɓe mai ƙarfi da ya daidaita, a tabbatar ya koma sifiri kafin ta hau, a gwada shi lokaci-lokaci da wani nauyi da aka sani, kuma kada a yanke hukunci da awo guda. Layin da lambobi uku ko huɗu suka zana ne abin dubawa. Jadawali mai zane a jikin katin, wanda ake ɗiga nauyi a kansa gwargwadon mako, ya fi jerin lambobi amfani nesa ba kusa ba, domin ido na ganin lanƙwasa tun kafin kai ya yi lissafi.

Mata da yawa suna tsorata da jin kilo 12, don suna zaton duk kitse ne. Ya dace ma'aikaci ya iya rarraba musu shi da ka. A cikin ƙarin kilo 12.5, jariri ya ɗauki wajen 3.4, mabiyiya wajen giram 650, ruwan da yake kwance a ciki wajen giram 800. Mahaifa kanta tana ƙaruwa da kusan kilo ɗaya, nonuwa da wajen giram 400. Jini na ƙaruwa da kusan kilo ɗaya da rabi, ruwan da ke taruwa a jiki ma haka. Abin da ya rage, kilo 3 da ɗoriya, shi ne kitsen da jiki ke ajiyewa, akasari a tsakiyar ciki, tanadi ne na ƙarshen ciki da na shayarwa. Wannan ne ma dalilin da ya sa aka rage wa mai ƙiba: tana da tanadin tuntuni, abin da take buƙata shi ne na jariri da kayan aikinsa. Kuma shi ya sa ba a cewa ta rage nauyi tana da ciki. Ba a ba ta maganin rage ƙiba, ba a sa ta tsarin yunwa.

Yanzu maganar "ku biyu ne". Na biyun nan bai kai girman yatsa ba a wata biyun farko. A wata ukun farko ba a buƙatar ƙarin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, ko kaɗan. A zango na biyu lissafin Amurka ya ce ƙarin wajen 340 a rana, a na uku wajen 450. A Ingila ma shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce 200 kawai, a wata ukun ƙarshe. Kalori 340 bai wuce kofin madara, dafaffen ƙwai biyu da ɗan itace guda ba. Kwalbar lemon zaƙi mai rabin lita kuwa tana ɗauke da sukari sama da giram 50, kalori wajen 200, babu abin da ta ƙara wa jini ko ƙashi. Wadda ke shan biyu a rana ta riga ta cinye ƙarin da ake magana, kuma za ta rantse muku ba ta cin abinci da yawa, gaskiya kuma ta faɗa. Don haka tambayar farko ga wadda ke zarcewa ita ce me take sha. Abin da ciki ya fi ƙara buƙatarsa shi ne ingancin abinci: furotin, ganye, 'ya'yan itatuwa, hatsin da ba a cashe ba, tare da ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 a kullum, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da kalsiyam giram 1.5 zuwa 2 inda abincin jama'a ba ya wadatar da shi.

Kishiyar wannan ita ce macen da ke rage ci da gangan a watannin ƙarshe don kada jariri ya girma ya ba ta wuyar naƙuda. Wannan tsoro ana samunsa a ƙasashe da yawa, kuma ba wauta ba ce, wadda ta taɓa doguwar naƙuda ta san abin da take gudu. Sai dai cinikin ba shi da riba. A lokacin yunwar da ta afka wa yammacin Holan a hunturun 1944 zuwa 1945, rabon abincin mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana. Jariran da yunwar ta riske su a ƙarshen ciki sun ragu da wajen giram 300 ne kawai, kuma da aka bi su har girma an ga sun fi saurin samun matsalar sukari. Jikin uwa ne ke fara biyan bashin. Ta shiga naƙuda da ƙarancin jini da rashin ƙarfi, kan jaririn kuma, wanda shi ne ke tsayawa a hanya, shi ne abin da yunwa ta fi barin girmansa. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ya fi saurin sanyi, faɗuwar sukari da kamuwa da cuta a kwanakin farko. Likitoci ma sun taɓa wannan kuskuren: a farkon rabin ƙarni na 20 an riƙa hana mata a Amurka ƙara fiye da kilo 9 da sunan kare su daga jijjigar masu ciki, sai a 1970 aka ɗaga iyakar bayan an ga alaƙar hakan da ƙananan jarirai. Kada a jira mace ta furta wannan tsoro da kanta, yawanci ba za ta furta ba. A tambaye ta.

Idan nauyi ya tsaya, wato mai matsakaicin jiki ba ta ƙara kilo ɗaya ba a wata bayan zangon farko, kalmar "ki ƙara ci" ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta fito. A fara sake awon, a sake duba lissafin watanni. A tambayi amai: wadda ta zubar da fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinta, misali kilo 3 daga 60, ga bushewar baki da ƙarancin fitsari, ta wuce laulayi na yau da kullum, tana buƙatar ƙarin ruwa da maganin amai, kuma in aman ya daɗe a ba ta bitamin B1 kafin ruwan da ke da sukari, don gudun lahani ga ƙwaƙwalwa. A duba ƙarancin jini, zazzaɓi, tsutsar ciki, tari mai daɗewa, ƙanjamau, da ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama. A auna tsayin ciki da tef daga ƙashin mara zuwa saman mahaifa. Daga mako na 24 santimita kan yi daidai da yawan makonni, da bambancin biyu sama ko ƙasa, in ya gaza haka a tura ta hoton ciki. Sannan a yi tambayoyin da ba su cikin kati: akwai abincin a gida? Sau nawa ta ci jiya? Wane aiki take yi da rana? Tana barci? Hankalinta a kwance yake? Wani na dukanta? Wadda ba ta da abin ci, nasiha ba ta ƙara mata ko giram ɗaya, abin da ke taimakonta shi ne a haɗa ta da tallafin abinci mai daidaiton kuzari da furotin. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da kari mai furotin zalla mai yawa ba, don haka kada a tura ta sayen garin gina jiki.

Akwai wata togaciya guda. Mai ƙiba da ta ƙara ƙasa da abin da aka tsara mata, amma jaririnta na girma daidai, ba a matsa mata ta ƙara. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta faɗi haka tun 2013. Girman jariri ne abin lura.

Idan kuma nauyi ya yi tsalle, tambayar farko ita ce ruwa ne ko kitse. Kitse ba ya taruwa cikin dare ɗaya; kafin a tara kilo guda na kitse sai an ci rarar kalori sama da 7,000. Saboda haka macen da ta haura mako na 20 ta ƙara fiye da kilo ɗaya a mako guda, ga kumburin fuska da hannaye har zobe ya matse, ruwa ne take tarawa. Nan take a gwada hawan jini da furotin a fitsari, a tambayi ciwon kai, dishi-dishin gani da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Jini 140 bisa 90 ko sama da haka tare da furotin a fitsari hanyar jijjiga ce. Babban abin takaici shi ne a sallami irin wannan mace da shawarar ta rage abinci da gishiri ta dawo bayan mako huɗu. Rage gishiri ba ya hana wannan ciwo, maganin sa fitsari kuma ba ya warkar da shi. Ga kuma wani ƙaramin abu da ke ɓata sakamako: in aka ɗaura wa mai kaurin dantse ƙaramin mayafin gwaji, na'ura za ta nuna hawan jinin da babu shi. Dantsen da ya wuce santimita 33 yana buƙatar babban mayafi, kuma ɗakin awon da ba shi da shi bai cika kayan aiki ba.

Bayan an kawar da wannan, a duba tagwaye, yawan ruwan mahaifa, magungunan da ke ƙara nauyi irin wasu na taɓin hankali da na kumburi, da kuma ciwon sukari na ciki. A rabin ciki na biyu mabiyiya na fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a jikin uwa, don sukari ya wadatu ga jariri. Ƙiba da saurin ƙarin kitse a farkon ciki suna ƙara tsananta hakan. Sukarin uwa na ƙetarawa zuwa jariri, insulin ɗinta ba ya ƙetarawa, sai jaririn ya ƙera nasa da yawa ya riƙa tara kitse a kafaɗu da ƙirji. Daga nan ake samun jaririn da ya kai kilo 4 ko fiye, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, sannan bayan an yanke cibiya sukarinsa ya faɗi domin insulin ɗinsa na nan da yawa, abincin kuma ya yanke. Ana gwajin ne tsakanin mako na 24 da na 28 da sukari giram 75 a ruwa bayan an kwana ba ci. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013, sukarin jini 5.1 mmol/L kafin sha, ko 10.0 bayan awa ɗaya, ko 8.5 bayan awa biyu, ko wanne aka samu ya isa. Mai ƙiba, da wadda ta taɓa haifar babban jariri ko ta taɓa wannan ciwo, a gwada su tun da wuri, kada a jira.

Wadda ta riga ta zarce iyaka ba a ce mata ta zubar da abin da ta tara. Burin shi ne daga yau ta koma kan ƙarin mako-mako na rukuninta. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da za ta canza, ita ce za ta zaɓa, a rubuta a kati, a tambaye ta a zuwa na gaba. Motsa jiki na cikin maganin: minti 150 a mako na motsi matsakaici, misali tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana biyar, da saurin da za ta iya magana ba tare da haki ya yanke mata zance ba. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10. Ana hana wannan ne ga mai zubar jini, wadda faya ta fashe, wadda mabiyiya ta tare bakin mahaifa a ƙarshen ciki, mai raunin bakin mahaifa, mai hawan jinin ciki, da mai tsananin ƙarancin jini ko ciwon zuciya. In ba waɗannan ba, cewa mai ciki ta kwanta ta huta kawai yana ƙara mata nauyi da haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya game da girman tasirin: wani nazari na 2017 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki sun rage ƙarin nauyi da wajen giram 700 a matsakaici, tare da ɗan rage yawan tiyata. Riba ce, amma ƙarama, don haka macen da ta yi iya ƙoƙarinta ta ɗan zarce ba ta yi laifi ba.

Wannan ya kai mu ga yadda ake magana, wanda shi ne ke sa mace ta dawo ko ta ƙaurace. Karanta nauyin mace da ƙarfi a gaban layi, ko yi mata barkwanci da jikinta, ya isa ya sa ta tsallake awo biyu, kuma mai ƙiba ita ce ta fi buƙatar kada ta tsallake. Sikeli ya koma bayan labule. Wadda ba ta son ganin lambar, musamman mai tarihin matsalar cin abinci, a bar ta ta juya baya a rubuta shiru. Maimakon "kin yi ƙiba", a ce: "Malama, a wata ɗayan nan kin ƙara kilo uku, mun yi tsammanin ɗaya da rabi. Bari mu duba jininki da fitsarinki, sannan ki ba ni labarin abin da kika ci kika sha tun jiya da safe." A Ingila jagorar 2010 ta ce a auna mace a zuwan farko, kada a riƙa maimaitawa sai in sakamakon zai canza kulawar da ake ba ta. Muna ganin hikimar da ke ciki, amma inda hoton ciki da gwaje-gwaje ba su wadata ba, kuma rama na nan tare da ƙiba, sikeli na cikin 'yan kayan aiki masu sauƙi da ke iya yin gargaɗi da wuri. A ci gaba da aunawa, da sharaɗin a yi bayani.

Ga shugabanni kuma, abin da ke hannunku ke nan. Katin awo ya sami gurbin tsayi, ma'aunin jiki, iyakar kilo da jadawalin zane. Kowane ɗaki ya sami ma'aunin tsayi, tef, babban mayafin gwajin jini da sikelin da ke ɗaukar mai nauyi sosai, a kuma sa sunan wanda ke da alhakin gwada sikelin. Ungozoma da likita da mai ba da shawarar abinci su riƙa faɗin lamba ɗaya, domin mace in ta ji magana uku daga bakuna uku sai ta ɗauki wadda ta fi mata daɗi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta tsara haɗuwa takwas, ta farko cikin makonni 12 na farko, sai na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Tsakanin ta farko da ta biyu akwai wata biyu cur, kuma a nan ne laulayi ke sakin mace, cin abinci ya buɗe. Duk wadda ba a yi wa bayani a zuwan farko ba, za ta dawo ta riga ta yi nisa.

Kada kuma a rufe katin da haihuwa. Mace kan sauke kilo 5 zuwa 6 a ranar, ruwa ya ci gaba da fita a makonnin farko, sauran kuma ya ɗauki watanni. Wadda ta zarce sosai ita ce ta fi riƙe ragowar, ta shiga ciki na gaba da shi, ma'auninta ya haura rukuni, haɗarin sukari da hawan jini ya ƙaru. A auna ta a zuwan mako na shida bayan haihuwa, a rubuta kusa da nauyinta na farko, a sake gwada sukarin wadda ta yi ciwon sukari na ciki tsakanin mako na 4 da na 12, a yi maganar tazara kafin wani cikin, a kuma ce ta adana katin, domin lambar da aka rubuta ranar ita ce za a nema in ta dawo awo a makare.

Mun gode da sauraro. Allah ya ƙara muku haƙuri da ƙarfin aiki.

Daga wasu abokan aikinku, ungozomomi, likitocin mata da masana abinci mai gina jiki.